Alƙalancin Fim Ɗin Da Ba A Ɗauka Ba

Akwai wani wasa da waɗansu masu sha'awar sinima su ke yi ta intanet, wanda in an kwatanta wa dattijo zai ce wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne. Ga yadda a ke yinsa. Mutum ya zauna ya ƙaga labarin fim tun daga farko har ƙarshe, ya rubuta shi, ya raɗa masa suna. Sa'an nan ya zaɓi 'yan wasan da ya ke so cikin mashahuran duniya, ya ce wane ne zai fito a sarki, wance ce za ta fito a matarsa, ya faɗi kuɗin da aikin zai ci da ranar da za a fara nuna shi. Ba wanda zai ɗauki hoto ko ɗaya, 'yan wasan nan kuwa ba su ma san an ambace su ba. Sauran abokan wasa su karanta, ko wanne ya rubuta ra'ayinsa kamar dai ya biya kuɗin ƙofa ya shiga ya kalla. Wani daga cikinsu ya lissafta ribar da wai fim ɗin ya jawo, in shekarar wasan ta ƙare kuma a raba kyaututtuka na fatar baki.

Rubuta labarin ba shi ne abin mamaki ba, gama ko wane fim a bisa takarda ya ke fara zama kafin ya hau farin ƙyalle. Abin da ya isa a tsaya a duba shi ne aikin mai sharhin. Ta yaya mutum zai yi alƙalancin abin da idonsa bai gani ba? In kuwa ya rubuta cewa wane ya yi kuka har ya sa 'yan kallo hawaye, alhali ba wanen, ba kukan, ba 'yan kallon, shin bai yi ƙarya ba?

Wannan tambaya ta ƙarya tsohuwa ce a ƙasar Hausa. A 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, ya sha wuya kafin ya shawo kansu. A wurin malaman zamanin nan littafi mazaunin ilmi ne da addini, ƙage kuwa na tatsuniya ne, hirar mata da yara bayan an ci tuwon dare. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga gasar da aka sa, cikinsu har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ba wanda ya ke kiran marubutansu maƙaryata yau. Dalili kuwa a fili ya ke. Ƙarya ita ce wadda mai ji bai san ƙarya ce ba. Tatsuniya tana da shinge: a buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe ta da ƙurunƙus, duk abin da ya faru tsakanin waɗannan biyu yaro ma ya san a garin Gizo ya faru. Muddin 'yan wasan nan suna cikin shingensu, kowa ya san ba fim, to, ba su yaudari kowa ba.

Ɓarnar tana zuwa ne ran da rubutun ya tsallake shinge. Wani marubucin ƙasar Ajantina, Jorge Luis Borges, ya buga sharhi a 1936 a kan wani littafi da ya ce wani lauya ne a Bombay ya rubuta. Ba littafin, ba lauyan. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa wani abokinsa har ya aika Landan a sayo masa. Irin haka ta auku ga fim a watan Nuwamba na 2022. Wani ya ɗauki hoton takardar da a ke liƙa wa takalmi, wadda aka buga wani shirme a kanta mai kama da tallar fim, wai sunansa Goncharov, wai da hannun Martin Scorsese na Amurka a ciki. Sai jama'ar Tumblr suka yi caa a kai. Suka ba shi shekara, 1973, garinsa kuwa Naples ta Italiya, suka zana masa hotunan talla, suka tsara masa kiɗa, suka yi ta rubuta dogayen sharhi suna gardama a kan ma'anar agogon da ya ke yawan fitowa a cikinsa. Da maganar ta kai kunnen Scorsese sai shi ma ya shiga raha, ya amsa cewa ai ya daɗe da yin fim ɗin. Na ciki suna dariya, na waje waɗansu suna neman inda za su kalla. Abin dariya ne, gaskiya, domin ba wanda ya yi hasarar ko anini. Amma mutumin da ya koyi karatu da girmansa, ya sha wahalar baƙaƙe da wasula har ya iya, yakan girmama abin da ya gani a rubuce fiye da wanda ya tashi cikin takardu. Irin wannan mutum ba abin wasa da hankalinsa ba ne. Saboda haka wajibi na farko a kan mai sharhin fim ɗin takarda shi ne ya faɗa tun a layin farko cewa fim ɗin a takarda ya ke.

To, in ya faɗi haka, me ya rage masa ya auna? Nan ne wasan ya ke da amfanin da masu yinsa da yawa ba su lura da shi ba. Mai sharhin fim na gaske yana da wuraren ɓuya barkatai. In labari ya gagare shi ganewa, sai ya koma kan kyan fuskar yarinya, ko zaƙin waƙa, ko ɗinkin riga, ko motar da aka hau. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, har mujallar Fim ta fara fita a 1999, har zuwa yau, mafi yawan hirar da jama'a su ke yi a kan finafinan Hausa hirar 'yan wasa ce, labarin kuwa yana can baya kamar ɗan rakiya. Fim ɗin takarda ya rushe duk waɗannan maɓoya. Ba fuska, ba waƙa, ba mota. Labari ne tsirara, ko ya tsaya da ƙafarsa ko ya faɗi.

Sai dai 'yan wasan sukan sake gina maɓoyar da hannunsu. Marubuci ya rubuta labari mara ƙashi, ya manna masa sunan wani babban tauraro, a ce Ali Nuhu, sai mai sharhi ya tuno duk finafinan da ya taɓa ganin mutumin a ciki, ya kwashi daɗinsu ya zuba wa wannan, ya ba da maki tara cikin goma. Wannan yabon ba na marubucin ba ne, aron riga ne, mai rigar ma bai sani ba. Lissafin riba ya fi wannan muni, domin yana koya wa mai rubutu ya rubuta abin da ya san zai ci kasuwa, a kasuwar da ba ta ci ko da rana ɗaya ba. Ga kuma cutar da ke bin ko wace ƙaramar ƙungiya, wato ka yabi nawa in yabi naka.

Wata jarrabawar ita ce arhar takarda. Mai alƙalami yana iya rubuta dawaki dubu goma da kalma uku, ya ƙone birni da layi guda. Sembène Ousmane na Senegal, wanda a kan kira uban sinimar Afirka, ya yi shekaru masu yawa yana ɗauke da rubutaccen fim a kan Samori Ture, mayaƙin nan da ya daɗe yana karawa da Faransawa har suka kama shi a 1898, ya rasu a Gabon a 1900. Sembène ya yi finafinai da dama tun daga Borom Sarret a 1963, amma wannan ɗaya kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da ya iya tarawa, har ya rasu a 2007 bai ɗauke shi ba. Shin ya kamata mai sharhi ya rage wa fim ɗin takarda maki don ya yi tsada? Bai kamata ba. Aljihu ba huruminsa ba ne, kuma da tsada laifi ce da Sembène ya yi laifi. Huruminsa shi ne ya tambaya ko dawakin nan dubu goma suna ɗauke da labari, ko kuwa an sako su ne don ƙurarsu ta rufe rashinsa.

Abu ɗaya da ba za a yafe wa fim ɗin takarda ba shi ne ya manta cewa don ido aka yi shi. Shaihu Umar ya zauna a littafi shekara 42, daga 1934 har 1976 da Adamu Halilu ya mai da shi fim. A littafin Shaihu ne ya ke zaune da almajiransa yana ba su labarin rayuwarsa da bakinsa, kuma mai karatu ba ya gajiya. Amma ba mai iya kallon malami a buzu yana magana har awa biyu. Dole a nuna hamada, a nuna ayari, a nuna uwa tana bin sawun ɗanta. Saboda haka in marubuci ya rubuta cewa wane ya tuna ƙuruciyarsa, zuciyarsa ta yi baƙi, sai mai sharhi ya tambaye shi: me ɗan kallo ya gani a wannan lokaci? In amsar ita ce mutum a tsaye kawai, to, littafi aka rubuta aka sa masa hular fim.

Wasan nan ya fi dacewa da wuraren da masu kyamara ba su cika takawa ba, domin takarda ba ta neman kuɗin mota. Ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, tana cikin irin waɗannan wurare, ga ta kuwa cike da labari. Kogin Kwara ya ratsa ta. A cikinta Illo ta ke, ɗaya daga manyan garuruwa uku na tsohuwar ƙasar Bargu, sauran biyun su ne Busa da Nikki, kuma duka ukun suna danganta asalin sarautarsu ga Kisra. Ta mashigin Illo fataken Gwanja su kan ƙetare kogi, su bi ta Kandi da Jugu su sayo goro. A 1894 Lugard ya riga wani hafsan Faransa mai suna Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki, ko wannensu yana neman hannun sarki a takarda. A 1897 Faransawa suka ajiye sojoji a Illo da Busa, har aka ji tsoron Ingila da Faransa za su gwabza. Ran 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu a wata yarjejeniya a Faris, aka tsaga Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo hannun Ingila, aka ce iyaka ta taɓa kogi mil 10 sama da Giris, tashar jiragen Illo. Wannan layin ne har yanzu ya raba Lolo da Madekali, ya raba Tsamiya da Segbana.

A ƙaddara ke nan wani saurayi a Bagudo ya shiga wasan, ya rubuta fim a kan wannan shekara. A ƙaddara ya guje wa Kisra da rundunarsa, wanda shi ne abin da tara cikin goma za su ruga su ɗauka, ya zaɓi wani Basarke mai fito a Giris. Mutumin nan yana da 'ya da ya aurar a wani ƙauye sama da kogi. Wani madugu ya iso da ayarinsa daga Gwanja, jakuna ɗauke da goro, ya tarar sojojin Faransa sun hana jirage motsi sai da izninsu. Mai fito yana tsakanin uku: madugu da ya saba ƙetarar da shi shekara da shekaru, sojan da ke riƙe da bindiga, da 'yarsa da ƙauyenta ya ke shirin zama wata ƙasa. Fim ɗin ba ya nan, ba a kuma rubuta shi ba, misali ne kawai. Amma a gwada yi masa alƙalanci.

Abu na farko da za a yaba shi ne goron. Duk wanda ya taɓa riƙe huhu ya san goro ba ya jira. Sai an riƙa kwance shi ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya shafi 'yan'uwansa. Ko wace rana da ayari ya ƙara a bakin kogi, dukiyar madugu tana raguwa a gaban idonsa. Ga abin da kyamara za ta iya nunawa ba tare da kowa ya buɗe baki ba: tarin lalataccen goro da a ke zubarwa bayan zango, yau ɗan kaɗan, gobe ya fi na yau. Marubucin da ya gane wannan ba ya bukatar ya sa madugu ya yi dogon jawabi a kan zalunci. Wannan shi kaɗai ya isa a ɗauki rubutun da muhimmanci.

Daga nan sai bincike, kuma a nan ne sanin ƙasa ya ke raba mai sharhi da mai tafi. In marubucin ya ce madugu ya yi lodinsa a Salaga tana tsakiyar cikarta, ya makara da shekara shida, domin yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka koma waɗansu kasuwanni irin su Kete Krachi. In ya sa aka biya kuɗin fito da sule, ya yi gaggawa, wuri ne kuɗin lokacin. In ya kawo Di'o da akawunsa, su ma ba su iso ba tukuna: sai ran 1 ga Janairu 1900 Gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar daga hannun Kamfanin Kwara, Sakkwato kuwa ba ta faɗi ba sai 1903. Wani zai ce ai wannan tsinci-tsinci ne, fim ba littafin tarihi ba ne. Haka ne. Amma mutumin Illo da zai karanta ya san kakanninsa, in ya kama marubuci da ƙarya a kan wuri ba zai yarda da shi a kan hawaye ba.

Sai harshe, wanda ya fi waɗannan duka nauyi. Bakin kogin nan ba Kano ba ne. Akwai masu Busanci, da Kyangawa, da Dandawa, da Zabarmawa, da Fulani, ga Hausar fatake, ga Faransancin hafsa, ga kuma sojojinsa baƙaƙe da aka kwaso daga nesa. In marubucin ya sa kowa yana zuba Hausar birni tas, ya sauƙaƙa wa kansa aiki, amma ya jefar da mutum mafi haɗari a labarin, watau tafinta. A irin wannan wuri tafinta shi ne sarki. Shi zai mai da roƙon madugu ya zama zagi a kunnen hafsa, ko ya mai da barazanar hafsa ta zama gaisuwa, gwargwadon ƙwaryar goro nawa aka kai masa da dare. 'Yan kallo suna jin harsunan biyu a rubuce a ƙasan hoto, mutanen cikin fim kuwa ko wanne ɗaya kaɗai ya ke ji. Fim ɗin da ya samu wannan dama ya bar ta, dole a rage masa maki, a kuma gaya masa dalili. Haka nan in ya sa 'yar mai fito ta tsaya gaban ubanta tana bayyana masa son mijinta baki da baki, ya ɗauko wannan daga finafinan Indiya ne. Ta bakin gwaggonta maganar za ta bi, uban kuma ya amsa yana duban ragarsa.

Inda irin wannan labari ya fi saurin zamewa shi ne ƙarshensa. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi a rufe shi da shinge da ƙofa da soja a tsaye, uba a wannan gefe, 'ya a wancan, suna miƙa wa juna hannu. Hoto ne mai kyau, amma ba haka iyaka ta zo ba. Ran da aka sa hannu a Faris ba abin da ya motsa a bakin Kwara. Kifi bai sani ba, masunta ba su sani ba. Sai da aka yi shekaru ana aune-aune, har aka sake wata yarjejeniya a 1906 mai fayyace layin. Iyaka ta shigo ne sannu, ta hanyar wanda ya ke karɓar haraji, da irin kuɗin da ya ke karɓa, da harshen da a ke koya wa yaro a makaranta. Har Dahome ta sake suna ta zama Benin a 1975 mutanen gefen biyu suna aurayya suna cin kasuwannin juna. Ƙofar da marubucin ya ke so ta fi kama da ta watan Agusta na 2019, sa'ad da Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, musamman don hana shigo da shinkafa ta ɓarauniyar hanya. In ita ke ransa, sai ya rubuta fim na biyu, ya sa babura da buhuna, ya ƙyale 1898 da jakunanta.

Hukuncin da ya dace da wannan fim ke nan: a bar goron yadda ya ke, a shigo da tafinta tun daga fitowa ta farko, a gyara Salaga da sule, a cire ƙofar. A madadinta a nuna mai fito bayan shekara goma ya tuƙa jirginsa zuwa sunan jikansa, ya ciro kuɗi zai ba wanzami, wanzami ya jujjuya su a tafin hannu ya mayar masa, domin ba irinsu a ke karɓa a ƙauyen ba. Jerin sunayen taurarin da aka rubuta a shafin farko kuwa, mai sharhi ya naɗe shafin ya ajiye gefe, kada ya buɗe sai ya gama ba da makinsa, wanda a yadda labarin ya ke kafin gyara bai wuce shida cikin goma ba.